Motar Makaranta Ma Majalisi Ce: Nasiha Ga Iyaye Da 'Ya'yanmu

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya hore mana ababen hawa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwana, duk wanda ya fito Titin Tahrir ko Dandalin Misaha a nan Dokki da sassafe, daga Lahadi zuwa Alhamis, zai ga motocin makaranta suna ɗibar yara. Da yawa cikinsu na nufar Shaikh Zayid ko Birnin Shida ga Oktoba. Yaron da yake shafe awa guda zuwa, awa guda dawowa, ya kwashe awa goma kenan a mako cikin mota, ba uba, ba uwa, ba malamin aji. Muna tambayarsa sakamakon jarrabawa, muna tambayarsa haddarsa, amma wa ya taɓa tambayarsa yadda ya zauna a mota?

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, mai kula da yara a motar da ɗana yake shiga, wadda Misirawa suke kira mushrifa, ta tsayar da ni wata safiya. Ta ce yaranmu sukan taru a baya suna dariya suna nuna direba, suna magana da harshen da ba ta ji. Da na bincika a gida, ashe zolayar dattijon suke yi da Hausa, don sun san ba zai gane ba. Na ji kunya matuƙa. Direba bai ji Hausa ba, amma mala'ikun da suke rubuta ayyuka ba su buƙatar tafinta. Suratul Hujurati ta hana izgili da jifan juna da miyagun laƙubba, ba ta kuma ware wani harshe ba.

Musulunci bai ɗauki abin hawa wurin shagala ba. A Suratuz Zukhruf, aya ta 13 da ta 14, Allah Ya umarce mu da tuna ni'imarsa da tsarkake shi idan mun daidaita a kan abin hawa, Ya kuma haɗa wannan da tuna komawa gare shi. Wasiyyar nan mai girma ta kiyaye dokokin Allah, wadda Tirmizi ya ruwaito, Manzon Allah (SAW) ya yi wa Abdullahi ɗan Abbas ita ne yana yaro, yana goye a bayansa a kan dabba. Ashe tun asali hanya makaranta ce.

Mu dubi hadisin jirgin ruwa da Bukhari ya ruwaito daga Nu'umanu ɗan Bashir. Mutanen ƙasan jirgi suka so huda rabonsu don su ɗebi ruwa. In na sama suka ƙyale su, duka za su nutse. In suka riƙe hannunsu, duka za su tsira. Motar makaranta jirgi ce irin wannan. A matsayina na injiniya, bari in sa wa maganar lissafi. Motar da take gudun kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 a kowace daƙiƙa. Idan ihun yara ko faɗansu ya sa direba ya waiwaya na daƙiƙa biyu kacal, motar ta yi mita 28 ba mai kallon gabanta. Yaron da yake tsaye lokacin da aka taka birki kuwa, jikinsa zai ci gaba da tafiya da gudun da motar take yi har sai wani ƙarfe ya tare shi. Masar ba ta manta da Manfalut ba, inda jirgin ƙasa ya bugi motar 'yan makaranta a watan Nuwamba na 2012, aka rasa rayuka kusan hamsin, galibinsu yara ƙanana. Ba laifin yaran ba ne, Allah Ya jiƙansu, amma abin ya nuna nauyin amanar da take wuyan direba. Bai kamata 'ya'yanmu su ƙara masa wani nauyi ba.

Saboda haka mu koya musu: su yi sallama idan sun shiga, su karanta addu'ar hawa, su zauna su ɗaura bel in akwai. Kada su fitar da kai ko hannu ta taga, kada su jefa shara kan titi. Su sassauta murya kamar yadda Luƙmanu ya hori ɗansa. Su matsa wa ƙarami ya zauna, domin Suratul Mujadala ta yi umarni da yalwata wa juna a majalisi. Idan sun sauka, su jira mota ta wuce kafin su tsallaka, don direba ba ya ganin ƙaramin yaron da ya ratsa dab da gaban motarsa.

Na san wasu yaranmu ne ake tsokana saboda launin fatarsu, kuma wannan zalunci ne da ba za mu ce su haɗiye shi ba. Amma ramuwa da duka cikin mota mai tafiya huda jirgi ce. Yaro ya faɗa wa mushrifa, ya faɗa wa iyayensa, mu kuma mu taka har makaranta mu nemi haƙƙinsa cikin mutunci. Yaron da ya tabbata ubansa zai tsaya masa ba ya saurin ɗaga hannu.

Ya ku iyaye, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma yaro abin da ya gani yake kwaikwayo. Uban da yake zagin direbobi a cunkoson Gadar Shida ga Oktoba ya riga ya ba da darasinsa. Mu fito da yara kan lokaci, mu gaida direba da mushrifa a gabansu, mu riƙa tambayarsu labarin mota kamar yadda muke tambayar labarin aji. Idan aka yabi yaro kan ladabinsa, mu ma mu yabe shi, don yabo yana raya hali nagari. Mu baƙi ne a ƙasar nan, wake ɗaya kuwa shi ke ɓata gari.

Allah Ya shirya mana zuriyarmu, Ya tsare su a fitarsu da dawowarsu, Ya saka wa masu ɗawainiya da su da alheri. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.