Tasowa da Nutsewar 'Ya'yan Itace: Sababi da Ikon Allah

Idan aka jefa kankana da ƙwayar inabi cikin randa, kankana za ta taso, inabi kuwa ya nutse har ƙasa. Ido yana tsammanin akasin haka, domin ya saba ɗora hukunci a kan girma. Ruwa kuwa yana auna nauyin abu ne gwargwadon wurin da ya cinye. Lita 1 ta ruwan sha kilo 1 ce. Duk ɗan itacen da cikin litarsa bai kai kilo 1 ba zai taso, wanda ya haura kuma zai nutse.

Arkimidas, masanin Girka da ya rayu a birnin Sirakus na tsibirin Sisili, ya rasu shekara 212 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), shi ya fara fayyace wannan ƙa'ida: ruwa yana ɗaga abu da ƙarfin da ya yi daidai da nauyin ruwan da abin ya ture. Malaman Musulmi sun ɗora a kai. Albiruni, wanda aka haifa a 973, ya auna ƙarafa da duwatsu masu daraja ta hanyar ruwan da suke turewa. Alkhazini kuma ya rubuta Mizanul Hikma a birnin Marwa wajajen 1121, inda ya bayyana sikelin da ake awo da shi cikin ruwa.

Abin da ke raba 'ya'yan itace shi ne iskar da ke ɓoye a cikinsu. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na jikin tuffa iska ce, shi ya sa take tasowa. Inabi a danƙare yake da ruwa mai sukari, wanda ya fi ruwan sha nauyi. Lemun zaƙi ya fi kowanne nuna lamarin a fili. Da ɓawonsa yana tasowa, amma idan aka ɓare shi yakan nutse, alhali nauyinsa raguwa ya yi. Farin soson da ke ƙarƙashin ɓawon cike yake da ƙananan kofofin iska, su ne suke riƙe da shi. Haka busasshen duma yake: masuntan Argungu suna kifa ciki a kan gora, ta ɗauki ƙato da kifinsa. Ruwan ma yana da nasa rabo, domin gishiri yana ƙara masa nauyi, har ƙwan da ya nutse a ruwan sha ya taso a ruwan gishiri mai kauri.

Daga nan tambayar tauhidi take tasowa: iska ce take ɗaga lemo, ko Allah ne? Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya tattauna irin wannan a Tahafutul Falasifa da misalin wuta da auduga. A wurinsa haɗuwar abu biyu a kullum ba ta tabbatar da cewa ɗaya ne yake haifar da ɗaya da ikon kansa. Allah ne yake halittar ƙuna a lokacin haɗuwar. Ibn Rushdi na Ƙurɗuba, wanda ya rasu a 1198, ya mayar masa da martani cewa musun sabuba musun ilimi ne, domin da sabuba ake sanin abubuwa, kuma tsarinsu shi ne shaidar hikimar Mahalicci.

Ɗaliban zaure a ƙasar Hausa sun san wannan mas'ala ta karatun Ummul Barahin na Shehu Sanusi da sharhohinsa, inda aka raba hukunci gida uku: na hankali, na al'ada, da na shari'a. Tasowar lemo hukuncin al'ada ce. Maimaituwa ce ta tabbatar da ita, kuma hankali bai kore yiwuwar saɓawarta ba idan Allah Ya so.

Ɓangarorin biyu, na Gazali da na Ibn Rushdi, sun saɓa a kan inda ikon yake, amma sun haɗu a kan cewa tsarin yana nan, ana ganinsa, ana kuma dogara da shi. Manomin da yake zuba iri a ruwa ya kwashe wofin da ya taso da wannan tsari yake aiki. Saboda haka neman sanin sababi ba ya cin karo da imani: awo yana nuna yadda abu yake gudana, tauhidi kuma yana nuna Wanda ya gudanar da shi.