Labarin Zuciya a Tambayi Fuska: To In Babu Fuskar Fa?

Tun muna yara aka hore mu da cewa kalmar "a'a" ba ta fita daga bakin mai tarbiyya a gaban na gaba da shi. In dattijo ya miƙo maka abin da ba ka so, sai ka ce "zan duba", ko "sai na yi shawara", ko kuwa ka sunkuyar da kai ka yi ta wasa da bakin tabarma har ya gane da kansa. Wannan shi muke kira kunya da kawaici, kuma ni ban taɓa ganin aibinsu ba sai bara da hunturu.

Shekarata goma sha takwas ke nan ina koyarwa a wata sakandaren gwamnati a nan birnin Katsina. Wani tsohon malamina, wanda ya karantar da ni lokacin da nake neman difloma, shi ya ba da sunana ga wata makaranta mai zaman kanta a Kaduna da ke neman mataimakin shugaba. Na je aka gana da ni. Bayan mako guda sai ga saƙon imel, an ba ni aikin, albashi ya kusa ninka nawa, ga kuma gida. Tun a daren nan na san ba inda za ni. Mahaifiyata ta tsufa, ba mai raba ta da Ƙofar Guga. 'Yan aji shida na saura wata huɗu su zauna jarrabawar WAEC. Ga shekarun fansho da na tara. Amma me na rubuta musu? "Na gode ƙwarai, zan duba, in sha Allahu za ku ji daga gare ni." Daga nan na yi gum har kwana ashirin da shida, ina ganin wai ladabi nake yi.

To, mai karatu, ga inda gizo ke saƙar. "Zan duba" a zaure ba yaudara ba ce, domin mai sauraro yana kallonka. Yana ganin ka kau da ido, yana jin muryarka ta yi sanyi, ya tashi ya san an hana shi, amma ba a kunyata shi ba. Dubi yadda iyayenmu ke yi in an zo neman aure ba su so: sai su ce yarinya karatu take yi tukuna, masu nema su sa albarka su tafi, in an kawo wani abu a mayar musu kafin ya kwana biyu. Kowa ya fahimci kowa. Masu iya magana sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Ita kuwa takarda ba ta da fuska, balle saƙon da ya bi ta intanet ya faɗa hannun akawun da bai taɓa ganinka ba. Abin da ka rubuta shi zai karanta. Ka ce za ka duba, shi ke nan, a wurinsa kana dubawa ne, sai ya ajiye maka kujera. Mu da muke da'awar rubutu ya kamata mu riga kowa sanin wannan, amma ga shi ni da nake koya wa yara rubutun wasiƙa ban sani ba.

Ashe akwai wani matashin malami da ya zo na biyu a ganawar, magidanci mai 'ya'ya, wanda ya jima ba ya da aiki. Aka ce masa ya dakata sai an ji daga na farko. Ya yi ta jiran gawon shanu har ya gaji, ya sa hannu a wani ɗan aiki na shekara guda a wani ƙauye, kan kuɗin da bai kai rabin wancan ba. Ban san shi ba, ban taɓa ganinsa ba, amma kunyata ce ta ci masa abinci. Da na duba da kyau sai na ga ba mutuncin masu makarantar nake karewa ba, ba kuma na Malam ba. Kaina nake karewa daga ɗacin minti biyar.

Na san wani zai ce ai ƙin aiki a wannan zamani butulci ne, arziki na kiranka kana toshe kunne. Ban yarda ba. Imam Abu Hanifa ya ƙi karɓar alƙalanci daga hannun Halifa Mansur, aka tsare shi a kan haka, ya rasu a Bagadaza a shekarar 767, kuma har yau ba wanda ya kira shi butulu. Kusa da gida ma, a 1957 da aka samar da muƙamin Firayim Minista, Sardauna Ahmadu Bello shi ne shugaban jam'iyyar NPC, amma ya zaɓi ya zauna Kaduna yana Firimiya, Abubakar Tafawa Ɓalewa ya riƙe kujerar Ikko. Dukkansu biyu 'yan Kwalejin Katsina ne, wadda gininta yanzu ya zama gidan tarihi. Ƙi ba laifi ba ne. Abin tambaya shi ne yaushe ka ƙi, kuma da wane harshe.

Batun lokaci kuwa, har manyan marubuta ya taɓa ci. Jean-Paul Sartre na Faransa ya rubuta wa masu ba da kyautar Nobel a Suwidin cewa kada su zaɓe shi a 1964, amma wasiƙar ta iso bayan sun riga sun tsai da shawara, dole ya ƙi ta a bainar jama'a. Shi fa ya yi ƙoƙarin faɗa da wuri ke nan.

Saura batun dalili. Chinua Achebe ya ƙi karɓar lambar girma ta ƙasa a 2004 da kuma 2011, ya bayyana dalilinsa ga duniya, domin dalilin ya shafi al'umma. Nawa na cikin gida ne, ba dole in zazzage shi duka ba. Abin da bai halatta gare ni ba shi ne in ƙago wani, in ce likita ya hana ni tafiya ko gwamnati ta ƙi sakina. Ƙaryar ladabi ma ƙarya ce, kuma tana da wata illa: mai neman ka da gaske sai ya tashi warware maka matsalar da babu ita.

Abin da ya fi yi mini nauyi shi ne Malam, domin gani nake na watsa masa ƙasa a ido. Shi ba imel ya dace da shi ba, sai na tafi gidansa bayan la'asar na durƙusa.

"Allah gafarta Malam, aikin nan na Kaduna ba zan iya tafiya ba."

Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Ɗana, ai tun ranar da ka dawo na gani a fuskarka. Amma su mutanen Kaduna da wace fuska za su gani? Mi ya hana ka faɗa masu?" A nan ne ya ba ni labarin matashin malamin.

Da daren na zauna na rubuta: "Assalamu alaikum. Ina godiya bisa amincewar da kuka yi da ni. Ba zan iya karɓar wannan aiki ba, saboda nauyin iyali da na ɗalibaina a nan Katsina. Ya kamata in sanar da ku tun makonni uku da suka wuce, jinkirin laifina ne, ina neman afuwa. Allah ya haɗa ku da wanda ya fi ni dacewa."

Ban kai minti biyar ina rubuta shi ba. Washegari da safe suka amsa da layi biyu, suna godiya, suna kuma tambaya ko na san wani da zan ba su sunansa.