Ba Haka Yake a Kwamfuta Ba

Duk wanda ya taɓa zama a shagon gyaran hoto ko na tsara katin biki a Dutse ya san wannan rigimar. An gama aiki, an kai wajen bugawa, an dawo da kalandar biki da sitika a leda, uwar amarya ta zo karɓa. Ta zaro guda ta ɗaga, sai ta yi shiru. Leshin da aka sayo ruwan hoda mai haske ya koma ja mai duhu, fuskar yarinya ta dushe, farar babbar rigar ango ta yi ruwan toka.

"Ɗan nan, wannan ai ba kayan da ta saka ba ne."

"Mama, don Allah matso ki gani," in ji mai shago, yana juyo mata da ƙaton allon kwamfutarsa. "Ga aikina nan. Wallahi ba haka yake a kwamfuta ba, masu bugawa ne suka ɓata shi."

Kuma bai yi rantsuwar ƙarya ba, abin da idonsa ya gani ya faɗa. A allon, leshi sai ƙyalli yake, amarya ta fito tas. Daga nan sai laifi ya koma kan mai injin bugawa, a ce tawadarsa jabu ce ko takardarsa mai arha ce. Wani lokaci haka ɗin ne. Amma sau da yawa injin bai ƙara ba bai rage ba, abin da aka kai masa shi ya buga. Allon ne ya yaudari mai aikin, kuma shi kaɗai ne ba a tuhuma, domin shi ne abu mafi tsada a shagon, shi ake nuna wa baƙo.

Sana'ar hoto da zane a kwamfuta ta bunƙasa a garin nan tare da garin kansa. Tun da aka ƙirƙiri Jihar Jigawa a watan Agustan 1991 aka mai da Dutse babban birninta, ofisoshi suka zo da buƙatunsu na kalanda da takardun taro. Jami'ar Tarayya ta Dutse ta biyo baya a 2011, ga kwalejin kimiyya da fasaha ta jiha, ga sansanin masu yi wa ƙasa hidima a Fanisau, ga hawan sallah daga fadar Garu, ga kakar zaɓe da fastocinta, ga bukukuwan da ake kawo aikinsu daga Kiyawa da Jahun da Birnin Kudu. Matashin da ya tara ɗan jari sai ya bi ta Wudil ya shiga Kano, ya dawo da allo a kwali. Tambayar da abokansa za su fara yi masa guda ce: inci nawa ne? Wasu ma talabijin suke sayowa mai inci 32 ko 43, su jona wa kwamfuta, tunda ya fi arha kuma ya fi cika ido.

Girman nan shi ne ruɗin farko. Hoton da ke allo ɗigo-ɗigo ne ƙanana. Allon da aka rubuta wa 1920 sau 1080 yana da ɗigo miliyan biyu da 'yan kai, ko ƙarami ne ko babba. Idan mai inci 24 ne, kowane inci yana ɗauke da ɗigo kusan 92. Idan aka baje su a inci 32, sun koma 69, a inci 43 kuwa 51 kacal. Wato ba a ƙara maka komai ba, an dai buɗa abin da kake da shi. Shi ya sa mai aiki da babban talabijin a kan tebur yake ganin rubutu da gefen harafi kamar haƙoran zarto, ya yi ta murza ido yana zaton gajiya ce. Babban allo yana amfani ne idan ɗigonsa ya ƙaru tare da faɗinsa: mai 3840 sau 2160, wanda ake kira 4K, yana da ɗigo sama da miliyan takwas, a inci 32 yana ba ka kusan 138 a kowane inci. Sannan idan allo ya yi faɗi kuma kana kusa da shi, tsakiyarsa kaɗai kake kallo gaba da gaba, gefunansa a karkace kake ganinsu. Irin gilashin da ake kira TN yana sauya launi da zarar ka sunkuya ko ka miƙe, wanda ake kira IPS ne ya fi riƙe launinsa. Mai sayen allo don aikin hoto gara ya tambayi wannan kafin ya tambayi inci.

Babbar matsalar dai ba a girma take ba, a saiti take. Kamfanoni suna fitar da allo ne don ya ja ido a kanti, inda yake jere da 'yan'uwansa kowa na neman mai saye. Saboda haka sukan ɗaga haskensa, su ƙara wa launukansa kauri, su ja farinsa zuwa shuɗi-shuɗi domin ya yi kama da sabo fil. Ana auna hasken allo da ma'aunin da ake kira nit. Yawancin allunan kwamfuta suna kaiwa 250 zuwa 350, alhali masu shirya hoto don bugawa a takarda sukan tsaya tsakanin 80 da 120. Talabijin kuwa ya fi haka zuzutawa, don kallon ƙwallo da fim daga nesa aka yi shi.

A nan ne abin yake da ban mamaki, domin kuskuren allo a juye yake fitowa a takarda. Idan allonka ya cika haske, fuskar da take da duhu a cikin hoton za ka gan ta wasai, sai ka bar ta haka, takarda kuma ta fito da duhunta. Idan farin allonka ya ja shuɗi, za ka ga kamar fatar mutum ta yi sanyi, sai ka ƙara mata ja da ruwan ɗorawa har ta yi maka daidai, a takarda ta fito ruwan goro. Idan kuma tsohon allo ne na hannu, wanda fitilar cikinsa ta gaji ta dushe, za ka yi ta ƙara haske, amarya ta fito fari fat babu alamar jini a fuska. A biyun ƙarshen nan, mai aikin ya yi ƙoƙari, ya ɓata lokaci, ya gyara da hannunsa. Gyaran nan nasa shi ne ɓarnar, kuma gwargwadon himmarsa gwargwadon nisan da ya yi da gaskiya.

Mai karatu zai ce, to shi ba ya gani ne? Ba ya gani, kuma ba don idonsa na da lahani ba. Allah Ya halicci ido da saurin sabo. Farar takarda fara ce a wajenmu da rana tsaka, fara ce da almuru, fara ce a hasken fitilar ƙwai, duk da cewa hasken da ke dawowa daga jikinta ya sha bamban a lokutan uku. Ƙwaƙwalwa ce ke gyarawa ba tare da ta nemi izininmu ba. Ka zauna 'yan mintuna gaban allo mai shuɗin fari, shi ke nan wannan ya zama farinka. A watan Fabrairun 2015 hoton wata riga ya raba kan mutane a intanet a faɗin duniya, wasu na rantsuwa shuɗiya ce da baƙi, wasu na cewa fara ce da ruwan zinare, hoto ɗaya suke kallo. Rigar dai shuɗiya ce da baƙi.

Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Mun fi riƙe ƙarshen maganar mu bar farkonta. A kasuwar Shuwarin, dattijon da ya yi shekara talatin yana awon gero zai iya duban tari ya faɗa maka kimarsa bai kauce da nisa ba, amma ranar ciniki ba ya cewa a yarda da idonsa, kwanon awo yake ɗaukowa, wanda mai saye da mai sayarwa suka amince da shi. Kuma in kwanon ya lotsa, ko bai yi niyyar cutar kowa ba, ya tauye wa mutane haƙƙinsu. Abin lura ke nan a wajena. Mutum ya fi amincewa da abin da ya saba kallo kullum, har ya ɗauka shi ne daidai, duk wanda ya zo da saɓaninsa shi ne mai kuskure. Ƙwarewa ba ta maganin wannan, ƙara shi ma take yi, domin gwani ya fi kowa ƙin a ce masa ya sake dubawa. Abin da ke maganinsa shi ne ma'aunin da ba kai ka yi shi ba, kuma ba ya jin kunyarka.

Launi ma yana da nasa ma'aunin. A 1996 kamfanonin HP da Microsoft suka fitar da tsarin da ake kira sRGB, domin ja da kore da shuɗin wannan na'ura su zama daidai da na waccan, kuma shi ne har yau yawancin hotunan intanet da na kyamara suke bi. Allo da yawa suna da shi a jerin saitinsu, a 'yan maɓallan nan na ƙasa ko na baya da ba mai taɓawa. Wanda ya zaɓe shi, ya rage haske, ya ajiye fari a kan 6500, ya sa lambar Gamma a 2.2, ya kashe duk wani saiti na ƙawata hoto, ya yi rabin aikin bai kashe sisi ba. Manhajar Windows ma tana da hanyar daidaita launi a cikinta tun daga Windows 7. Ranar farko za ka ga kamar allon ya mutu, ya yi ruwan ɗorawa, ya rasa armashi. Ka daure. Idon da ya saba da wancan zai saba da wannan.

Cikon aikin sai da wata 'yar na'ura mai kamar linzamin kwamfuta, irin Spyder ta kamfanin Datacolor ko ta Calibrite. Ana rataya ta a fuskar allo, manhaja ta riƙa haska mata launuka ɗaya bayan ɗaya, tana karanta ainihin abin da ya fito tana kwatanta shi da abin da ya kamata ya fito, a ƙarshe ta rubuta wa kwamfuta gyaran. Ba a yi sau ɗaya a ce an gama, don allo yana tsufa. Masu sana'ar sukan maimaita duk wata ko bayan 'yan watanni, kuma sai allon ya yi kamar rabin awa a kunne kafin a auna shi.

Ko an yi duk wannan, akwai iyakar da ya kamata a faɗa wa mai kaya tun kafin ya biya kuɗi. Allo haske yake fitarwa, yana haɗa ja da kore da shuɗi. Takarda ba ta da hasken kanta, tawada huɗu ce a kanta, ruwan bula da ja mai ruwan hoda da ruwan ɗorawa da baƙi, suna shanye wani haske suna maido da saura. Akwai kore shar da shuɗi mai walƙiya da allo ke nunawa waɗanda injin buga fosta ba zai taɓa kaiwa gare su ba. Wanda ya san aikinsa yakan buga gwaji guda, a duba a amince, kafin a buga ɗari biyar.

Akwai kuma wani abu da ya shafe mu mu baƙar fata. Daga shekarun 1950 kamfanin Kodak ya riƙa aika wa gidajen wankin hoto wani kati na gwaji mai ɗauke da hoton Baturiya, ana kiransa katin Shirley, da shi ake daidaita injina. Idan fatarta ta fito daidai, sai a ce inji ya daidaita. Sai a tsakiyar shekarun 1990 aka fitar da katin da ya haɗa mata masu launin fata daban-daban. Ashe ma'auni ma sai an duba da wa aka gwada shi. Don haka nake ganin kowane mai shago a Dutse ya kamata ya yi katinsa na gida: hoto guda da aka ɗauka a hasken rana, a cikinsa akwai baƙi da wankan tarwaɗa da fari, akwai farar shadda da baƙar abaya da atamfa mai launuka. Ya kai shi inda ya saba bugawa, ya ajiye takardar kusa da allo, ya riƙa haɗa su. Wannan ya fi masa duk hotunan furanni da duwatsun ƙanƙara da ake gwada allo da su a kanti. Kuma yana da kyau mu rage ɗabi'ar nan ta haskaka kowace fuska har uwa ta kasa gane 'yarta. Fatar da Allah Ya ba mutum ba kuskure ba ce da za a gyara.

Shagon kansa yana da nasa tasirin. Allon da ke fuskantar ƙofa, rana na dukansa da hantsi, ba shi ne allon da kake gani bayan isha'i a ƙarƙashin farin ƙwan sola ba. A juya shi ya ba ƙofa gefe, a sa labule, a bar haske iri ɗaya a ɗakin gwargwadon iko. Lokacin hunturu ƙura takan kwanta a fuskarsa ta dusar da baƙi ya koma toka, a goge da ƙyalle mai laushi, ba da gefen riga ba. Wayoyin masu kaya kuwa kowace da nata launin, ba ka da iko da su, naka kaɗai za ka iya tsayarwa.

Na san 'yar na'urar awon nan tana da tsada ga mai shago guda, balle yadda dala ta tashi. Amma ba kullum ake buƙatarta ba, aikin 'yan mintuna ne a wata. Kirana ga masu hoto da masu zane da masu injin bugawa na Dutse, da 'yan'uwansu na Kiyawa da Birnin Kudu, shi ne su haɗa kuɗi su sayi guda ɗaya, a ajiye ta hannun amintacce, ta riƙa zagayawa shago-shago. A fara da allon masu bugawa, tunda aikin kowa ta wajensu yake bi.