Hawayen Ɗan Kallo

A cikin shekarar 2008 aka fitar da wani fim a ƙasar Amurka mai suna Dear Zachary, watau wasiƙa zuwa ga wani jariri da ake kira Zachary. Ba wasan kwaikwayo ba ne. Duk wanda ka gani a ciki shi ne da kansa, abin da yake faɗi kuwa ya auku. Tsawonsa kamar sa'a ɗaya da rabi ne kurum, amma tun fitowarsa mutane ba su bar maganar halin da ya jefa su ba. Wani ya ce ya yi kuka har barci ya gagare shi. Wani ya ce sai da ya tsai da shi a tsaka ya fita waje ya sha iska. Da yawa kuma suka ce bai kamata kowa ya rasa ganinsa ba, amma su kam ko da lada ba su sake kallonsa. To, wannan ita ce maganar da ta tsaya mini a rai. Mene ne matsayin mutumin da ya zauna ya kalli baƙin cikin waɗansu, ya zub da hawaye, kāna ya tashi ya ci tuwonsa ya kwanta? Tausayi ya yi, ko kuwa kallo ya sha?

Bari in fara ba ku labarin, don kada mu yi shari'a a kan abin da ba mu ji ba.

Andrew Bagby wani saurayi ne likita, ɗan shekara 28, shi kaɗai ne wajen iyayensa, David da Kathleen, mazauna Kalifoniya. Ya yi karatun likita a tsibirin Newfoundland na ƙasar Kanada, a can ya haɗu da wata mace, Shirley Turner, ita ma likita, ta girme shi da shekara goma sha biyu. Da tafiya ta yi tafiya ya ce su rabu. Ran 6 ga Nuwamba 2001 aka tsinci gawarsa a wani wurin shan iska a jihar Pennsylvania, an harbe shi sau biyar. 'Yan sanda suka tuhumi Shirley, amma kafin su kama ta ta tsere zuwa Kanada. Can aka ji ashe tana da cikin mamacin. Ran 18 ga Yuli 2002 ta haifi ɗa namiji, aka sa masa Zachary.

David da Kathleen suka bar gidansu suka ƙaura zuwa birnin St. John's don su zauna kusa da jikansu. Ku dubi wannan hali, jama'a. Ana ta jan shari'ar mai da Shirley Amurka, ita kuwa tana waje bisa beli, ɗa na hannunta. In dattijan nan suna son ganin jikansu, tilas su gai da matar da suka hakikance ita ta kashe musu ɗa, su zauna da ita, su yi mata magana mai daɗi. Haka suka yi ta haɗiyewa wata da watanni. An taɓa tsare ta a ƙarshen 2002, yaron ya koma hannunsu, amma a Janairu 2003 wata alƙaliya ta sake ba da belinta, bisa ganin cewa laifin da ake tuhumarta da shi ya shafi mutum guda ne, ba ta zama barazana ga sauran jama'a ba. Ran 18 ga Agusta 2003 Shirley ta ɗauki yaron ta faɗa Tekun Atlantika da shi. Duka biyu suka mutu. Watansa 13 a duniya.

Wanda ya shirya fim ɗin, Kurt Kuenne, abokin Andrew ne tun suna yara. Da fari ba don duniya ya yi shi ba. Niyyarsa ya bi dangi da abokai a Amurka da Ingila da Kanada, kowa ya faɗi abin da ya sani na Andrew, don in yaron ya girma ya san ubansa. Yana cikin aikin aka kashe mai karɓar wasiƙar.

Na san akwai waɗanda za su ji haushina domin na faɗi ƙarshen labarin. Masu yabon fim ɗin kusan duk gargaɗi ɗaya suke yi: kada ka karanta kome a kansa, ka shiga da duhun kai, don abin ya buge ka sosai. Da gangan na saɓa musu. A wurinmu in za a gaya wa mutum rasuwa ba a yi masa ba-zata. A kan nemi dattijo mai hankali, ya zauna, ya fara da cewa jikin wane ya yi tsanani, har zuciya ta shirya. Mutuwar jariri ba kacici-kacici ba ce da za a ɓoye amsarta don a ji daɗin warwarewa. Ranar da mutum ya fara lissafa mutuwar Zachary cikin abubuwan da ke sa fim ya yi armashi, ya riga ya tashi daga layin masu ta'aziyya ya koma na 'yan kallo.

Amma fa sai in yi wa Kuenne adalci. Shi ma ya ɓoye wa mai kallo mutuwar yaron har fim ya yi nisa, waɗansu kuwa sun zarge shi da wasa da zukatan mutane. Na daɗe ina juya wannan zargi, ban iya yarda da shi duka ba. Shi kansa bai san abin da ke tafe ba sa'ad da ya fara aikin, kakannin ma ba wanda ya shirya musu zuciya. Ya jera labarin ne yadda ya sauko musu. Wanda aka yi wa rashi yana da ikon ya ba da labarinsa yadda ya ga dama. Abin da ban yarda da shi ba shi ne baƙo, wanda bai rasa kowa ba, ya ari wannan iko ya riƙa tura abokansa su je su sha bugun da ya sha, yana jira ya ga yadda fuskarsu za ta yi.

Sa'an nan ga masu cewa kallon irin wannan abu leƙen asirin mutane ne. A yawancin finafinan kisan kai da ake yi yanzu maganarsu tana da ƙarfi, gama sau da yawa akan tono kabarin mutum don ciniki, ba a ko tambayi danginsa ba. Nan kuwa masu gidan ne suka buɗe ƙofa. David da Kathleen suka zauna gaban na'ura suka yi kuka a fili, David har ya faɗi da bakinsa cewa ya taɓa tunanin ya kashe matar da kansa don ya tsirar da jikansa, ko da zai ƙare kwanansa a kurkuku. Ya kuma rubuta littafi a kan al'amarin a 2007. Wanda aka kira zaman makoki ba a ce masa mai leƙe. Sai dai zaman makoki yana da ladabinsa. Ba ka zuwa don ka auna wa ya fi kuka, ba ka kuwa fitowa kana ba da labarin yadda abin ya girgiza ka kai, kamar kai aka yi wa mutuwar. Na lura da yawa daga masu maganar fim ɗin nan sun fi daɗewa a kan hawayensu bisa ga yaron da ya nutse.

Ban ce kukan laifi ne ba. Idon da ya ga tsohuwa tana kukan jikanta bai kawo ruwa ba, shi ne abin tsoro. Kuma wanda ya taɓa binne nasa ya san akwai wani sauƙi da mutum kan samu in ya ga wani ya furta abin da shi ya kasa furtawa. Irin waɗannan ba ni da ta cewa a kansu.

Abin da ya fi damuna shi ne fushi. Kusan duk wanda ya gama kallo yakan tashi yana tafasa, yana tsine wa Shirley, yana tsine wa alƙaliya. Fushin nan daɗi gare shi, domin yana sa mutum ya ji shi mai gaskiya ne ba tare da ya ɗaga ko tsinke ba. Ya kamata mu tuna aboki ne ya yi fim ɗin, bai kuwa ɓoye ba. Shirley ta mutu ba a taɓa yi mata shari'ar kisan Andrew ba, ta kuma bar waɗansu 'ya'ya uku da ta haifa tun da fari, waɗanda suka rasa uwa da ƙane rana ɗaya, suka gaji suna mai nauyi. Ban cika jin ɗan kallo ya tuna da su ba.

Ni da nake cin abinci da alƙalami da fayil, wani wuri dabam abin ya soke ni. Ba a ce wani ya ci hanci ba a cikin wannan al'amari. Kowane mataki da takardarsa, kowace takarda da sa hannu, kowa ya duba abin da ke kan teburinsa ya tura gaba. Binciken da aka fitar a Newfoundland a 2006 ya nuna cewa da an so da an tsare ran yaron, kuma ma'aikatan kula da yara sun fi mai da hankali ga haƙƙin uwar, wadda ba a tabbatar mata da laifi ba tukuna, bisa ga lafiyar ɗan. Haƙƙin nan kuwa ba abin wasa ba ne. In aka ce duk wanda aka tuhuma a kulle shi, marasa laifi nawa za su ruɓe a gidan yari? Amma cikin dukan takardun nan ba a sami wanda ya tsaya ya ce, to, jaririn fa? Zagin alƙaliya da sauƙi yake. Abin da wuya shi ne akawu ya tambayi kansa fayil nawa ya tura gaba haka nan.

Daga cikin waɗanda suka kalli fim ɗin akwai wani ɗan majalisar Kanada na wancan lokaci, Scott Andrews, daga Newfoundland. Ya gan shi a 2009, a cikin shekarar kuma ya kai shirin doka gaban majalisa. A Disamba 2010 ta zama doka, mutane suna kiranta da sunan Zachary. Ba ta ce a hana kowa beli ba. Abin da ta ƙara shi ne, in ana tuhumar mutum da laifi, alƙali yana iya hana shi beli don tsare lafiyar yara ƙanana. 'Yan kalmomi ne aka saka a cikin kundi, sun ci shekara bakwai daga mutuwar yaron, da jelen dattijai biyu waɗanda ba su da sauran ɗa ko jika da dokar za ta amfana. Ba kowane ɗan kallo ne ɗan majalisa ba, na sani. Amma shi ma sa'a ɗaya da rabin nan ya zauna kamar kowa.

Kwanan baya wani abokin aikina ya tambaye ni ko ya kalla. Na san ya rasa ɗiya tana goye shekarun baya, saboda haka na zaunar da shi na gaya masa labarin duka, har da teku, har da wata goma sha uku. Ya yi shiru, ya daɗe yana juya hularsa a hannu. Can ya ce, "Malam, kakannin nan, da aka sake ta, su da hannunsu suka miƙa mata yaron?" Na ce haka shari'a ta hukunta. Ya mai da hularsa, ya ce zai kalla, amma sai iyalinsa sun yi barci.