Dukiyar Wani a Hannunmu

A Zaitawa, cikin birnin Kano, in attajiri ya ba yaronsa jari, idonsa yana kansa. Kamfani ba haka yake ba. Masu dukiyar dubbai ne, masu juya ta 'yan kaɗan. To, wa zai tsare amanar?

Kowace ƙasa da dabararta. A Jamus, tun 1976, kamfanin da ma'aikatansa suka wuce 2,000, rabin kujerun majalisar da ke sa wa shugabanninsa ido na ma'aikata ne. Amurka ta tsananta dokar binciken lissafi a 2002, bayan rushewar Enron. A nan gida, a 2009, Sanusi Lamido Sanusi, yana Gwamnan Babban Banki, ya tuɓe shugabannin bankuna biyar rana ɗaya, aka zuba naira biliyan 420 domin ceton ajiyar jama'a.

Sai mu lura, 'yan'uwa, waɗannan bankuna duka suna da masu binciken lissafi. Ashe doka tana ɗaure hannu, amma ba ta gyara zuciya. Duk da haka kada mu raina ta, gama ba a ba kura ajiyar nama, mai gaskiya kuwa ba ya jin haushin ƙirga. Ko asusun ƙungiya ne a hannunmu, mu buɗe littafi tun ba a tambaye mu ba.