Ciwon da Ba a Raɗa wa Suna Ba Tukuna



Cikin marasa lafiyar da Ikilisiya ke ɗauke da su a addu'a, akwai waɗanda muka fi saurin mantawa, wato masu ciwon da likita bai riga ya faɗi sunansa ba. Wanda ya karye, kowa ya ga karaya. Amma ga mace mai shekara talatin da ƙafarta ta mutu mako uku sannan ta farfaɗo, bayan wata shida idonta ɗaya ya yi hazo yana ciwo, ga jiri, ga gajiyar da barci ba ya kawar da ita, tana ji kamar kiyashi na yawo a hannunta. An gwada jini ba a ga kome ba. Likita ya ce mai yiwuwa cutar nan ce da suke kira da haruffa biyu, MS, amma sai an jira.

Ya kamata mu san abin da ake jira. Jijiyoyin ƙwaƙwalwa da na laka suna da riga, kamar robar da ke lulluɓe wayar lantarki. A wannan cuta garkuwar jikin mutum ce take kuskure ta afka wa rigar, sai saƙo ya riƙa makara ko ya yanke a hanya. Ta fi kama masu shekara 20 zuwa 40, mata kuma sun ninka maza. Takan zo ta tafi, zafi kuwa yakan tsananta alamunta, shi ya sa wanda ya zo Misar safe da ƙafarsa zai iya kasa tashi da tsakar ranar bazara. Babu gwaji guda da ke yanke hukunci shi kaɗai. Sai an ɗauki hoton MRI, wani lokaci a ɗebi ruwan laka, a kuma tabbata ba ƙarancin bitamin B12 ba ne, ko tarin fuka na ƙashin baya, ko wata cuta mai kama da ita. Cutar ba ta da yawa a ƙasashenmu kamar a Turai, na'urar kuma sai manyan asibitocin birni, ga tsada. Saboda haka jinkirin likita sau da yawa taka-tsantsan ne. Ba a sami maganin warkewa ba, amma tun 1993 akwai magungunan da ke rage yawan tasowarta. Ba a kuma ɗaukarta daga wani.

To, a wannan tsakani ne mu masu lafiya muke yin ɓarna. Bakinmu ba ya jure wa rashin amsa. Wani ya ce sammu ne, wata ta ce kishiya ce ko iska, dangin miji su ce ƙyuya ce, tun da jiya an gan ta tana daka. Har a cikin masu bi akan sami mai cewa da bangaskiyarta ta isa da ta warke. Wannan ta ƙarshen ita ta fi ɓata mana rai, gama tana ɗora wa mai ciwo laifi a bisa ciwonsa. A Bisharar Yohanna sura 9, da almajirai suka nemi sanin wanda ya yi zunubi har aka haifi mutum makaho, Ubangijinmu bai ɗora laifin a kan mutumin ko iyayensa ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Idan ɗan'uwa ya ce ƙafarsa ba ta jin ƙasa, sadakar farko da za mu ba shi ita ce mu gaskata shi.

Ku kuma da kuke cikin jiran, Ikilisiya ta san irin ranarku. Ranar Asabar Mai Tsarki ba a yin Misa sai dare ya yi. Bagade tsirara, fitila a kashe. Gicciye ya wuce, tashin bai bayyana ba, almajirai sun kulle ƙofa don tsoro, Budurwa Maryamu kuwa ta riƙe bangaskiya ba tare da an yi mata bayani ba. Tsoronku ba zunubi ba ne. In addu'a mai tsawo ta gagara, ku riƙe Rosari ko da yatsu ba sa jin ƙwayoyinsa.

Waliyiya Lidwina ta ƙasar Holan ta faɗi a kan ƙanƙara tana budurwa, ta yi shekara 38 tana jinya har ta rasu a 1433. Waɗansu likitocin zamaninmu suna zaton wannan cuta ce ta same ta, amma sai a 1868 likitan Faransa Jean-Martin Charcot ya bayyana cutar filla-filla. Ita dai ba ta taɓa jin sunan ciwonta ba, alherin Allah kuwa bai jira sunan ba.

Kada jira ya zama zaman banza. Ku sami ɗan littafi ku rubuta ranar da kowace alama ta fara, da inda ta kama, da ranar da ta lafa, domin da irin wannan tarihi likita yake aiki. Kada ku ƙarar da kuɗin hoto wajen masu alkawarin warkarwa dare ɗaya. Zumuntar Mata da matasa su raba aikin rakiya asibiti da ɗiban ruwa, su yi haka a makon da mai ciwon ya ga kamar ya samu sauƙi ma.

Game da Shafewar Marasa Lafiya, wadda Wasiƙar Yakubu sura 5 ta yi maganarta, Majalisar Batikan ta Biyu ta bayyana a 1963 cewa ba ta masu baƙin mutuwa kaɗai ba ce. In ciwo ya yi tsanani, Fada ba ya neman takardar likita kafin ya zo. Ranar 11 ga Fabrairu, wadda Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya keɓe wa marasa lafiya a 1992, muna roƙon katekis na kowace majami'a ya kawo mana sunayen irin waɗannan 'yan'uwa tare da na sauran, domin wanda ba zai iya zuwa ba mu same shi a gida.