Motar Gida Ba Dokin Sukuwa Ba Ce

Na san wani zai ga kan wannan magana ya yi dariya ya ce, to ita kuma wannan da muka sani da labarin soyayya da na kishi, me ya kai ta garejin makanikai? Ina ruwan biri da gada? To ka yi haƙuri ka saurara. Ai mu ake lodawa a kujerar baya da goyo da kwanukan abinci, kuma ranar da aka ce inji ya buga, akuyarmu ake fara kallo. Wadda kuwa ake kai akuyarta kasuwa ai ta sami bakin magana.

Abin da nake son mu tattauna shi ne, idan motar gida ta tsufa, injinta ya gaji, aka sauke shi za a yi masa aiki, shin maigida yana da hurumin ya ce a ƙara masa ƙarfi fiye da yadda aka ƙera shi, don kawai shi ya sayi motar kuma shi ke riƙe da sitiyari? Ko kuwa akwai haƙƙin wasu a cikin wannan shawara?

Bari mu ɗauki Peugeot 504, wato Fijon nan da kowa ya sani, tunda har yau ba ta ƙare a garuruwanmu ba. A 1968 aka fara ƙera ta a Faransa, sannan kamfanin PAN na Kaduna da ya fara aiki a 1975 ya ci gaba da haɗa ta har wajen 2006, bayan su kansu Faransawa sun daɗe da barin ta. Ka ga ke nan akwai wadda ta girmi mai tuƙa ta. Akwai mai ƙaramin inji lita 1.8, akwai mai lita 2. A cikin injin akwai fistin guda huɗu da ke hawa da sauka a ramukansu sau dubbai a minti ɗaya, shekara da shekaru. Yau da gobe sai ringin da ke jikinsu ya cinye, ramin ya faɗaɗa, baƙin mai ya riƙa tsallakewa yana ƙonewa tare da fetur, shi ne wannan hayaƙi mai ruwan shuɗi da kake gani yana bin mota kamar an yi mata turare. Metal ɗin da karanshaf ke juyawa a kansa shi ma ya side, sai ka ji ƙwas-ƙwas daga ƙasa. Aikin da ake yi sananne ne: a sauke injin a wanke, a gyara ramukan, a sa fistin daidai da su, a gyara karanshaf, a sa sabon metal da ringi da gasket. Wannan shi ake kira gyara, wato mayar da abu kan haddinsa. Ban ga laifi a nan ba ko kaɗan, hasali ma yabo ya kamata, domin mutumin da ya riƙe tsohuwar mota shekara ashirin yana lallaɓa ta ya san darajar kuɗi.

To amma inda gizo ke saƙar shi ne lokacin da injin ke kwance a buɗe a kan buhu, maigida na tsaye da hannu a aljihu, 'yan zaman gareji sun kewaye shi. Nan ne wani zai ce, "Alhaji, tunda dai an riga an buɗe, mi zai hana a yi mata mai gaba ɗaya? A ƙara kankare tof ɗin nan, a sa mata kafireta mai baki biyu, a fasa cikin salansa, wallahi ko Golf ba ta ganin ƙurarka." Wani kuma ya ce a'a, a jefar da ƙaramin injin kawai a je Fanteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano a ɗauko babba. Maigida da ya fito gida da niyyar ringi da metal sai ya koma da lissafin da ya ninka, yana murmushi shi kaɗai.

Ba ƙarya suka yi masa ba, mota za ta ƙara ja. Sai dai kowane ƙari da kuɗin goronsa. In aka kankare tof ya wuce ƙima, matsin da ke cikin silinda zai ƙaru, zafi ya ƙaru, injin ya koma ba ya son sai fetur mai kyau. Mu kuwa nan sau nawa ake shan man 'yan bumburutu na cikin jarka, wanda Allah kaɗai Ya san abin da aka gauraya a ciki? Sai injin ya riƙa ƙara, wata rana gasket ya ƙone, ruwa ya haɗu da baƙin mai, a koma gidan jiya. Ita kafireta mai baki biyu, da zarar an danne totur baki na biyun ya buɗe, to sai dai ka yi wa tanki addu'a. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin mai, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, a ƙarshen 2024 har ta wuce 1,000. Kowace lita da aka ƙona don jin daɗin ƙafa, daga kuɗin cefane aka yanko ta. Fasa salansa kuwa, yawancinsa ihu ne kawai, a tashi jariran unguwa daga barci.

Duk wannan mai sauƙi ne, tunda asarar dukiya ce. Babbar maganar ita ce abin da ba a taɓa ba. Wanda ya ƙera mota ya auna injinta da birkinta da tayarta da lagiretonta tare, kowanne daidai da ɗan'uwansa, kamar yadda ake auna gishiri da yawan miya. To yanzu an yi wa injin aure sabo, amma birki na nan da tsufansa, tayoyi 'yan gwanjo ne da suka gama yayinsu a Turai, shokozoba ta mutu tun bara. Me ya sa ba a fara da su ba? Don su ba a jin su. Ba wanda zai tsaya a majalisa ya ce, kai, kun ji birkin Alhaji kuwa? Inji shi ke da murya, shi ake yabo, shi ya sa kuɗin ke tafiya can.

Ga ɗan lissafi irin na 'yan sakandare. Motar da ke gudun kilomita 120 a awa tana cin mita 33 a daƙiƙa ɗaya. Wato kafin idon direba ya ga saniya ko rami, ya gaya wa ƙafarsa, ƙafar ta tashi daga totur ta sauka a kan birki, ya riga ya shafe tsawon gidaje biyu ko uku. Sannan in ka ninka gudu sau biyu, tazarar da birki ke buƙata kafin mota ta tsaya sau huɗu take ninkawa. Me aka samu a madadin haka? A tafiyar kilomita 50, mai gudun 80 zai yi minti 37 da rabi, mai gudun 120 zai yi minti 25. Minti goma sha biyu da rabi ke nan, lokacin da bai isa a dafa taliya a tace ba. Dokar hanya ma da hukumar kiyaye haɗurra, wadda aka kafa a 1988, ke aiki da ita, 80 ta ba ƙananan motoci a babban titi, 100 a tagwayen hanya. Ƙarfin da aka biya kuɗi aka ƙara, ba inda doka ta yarda a yi amfani da shi, ba kuma titin da zai ɗauka tsakanin Ƙanƙara da Faskari.

Maigida zai ce motarsa ce. Gaskiya ne, takardu sunansa suke ɗauke da shi. Amma da doki ne da sai mu ce ya hau abinsa, in ya faɗi ƙashinsa ne. Motar gida kuwa ita ke kai tsohuwa asibiti, ita ke ɗaukar mai naƙuda da tsakar dare, ita ke kai amarya, ita ke ɗauko gawa. Maƙwabta ma da ba su da ko keke suna da rabo a cikinta. Mutum takwas a ciki, ɗaya ne ya zaɓi gudun, bakwai ba a tambaye su ba, kuma in abin ya zo tare za a kwashe su. Ni a ganina duk abin da za ka yi wanda haɗarinsa zai hau kan wasu, to ya fita daga cikin abin da za ka ce "nawa ne, ina ruwan wani". Ka ji matar gida ta yi ƙarfin hali ta ce, "Malam, da an fara da tayoyin nan," sai a ce mata, "Ke mi kika sani a mota?" Alhali jiya da daddare, da ake neman cikon kuɗin fistin, an san hanyar ɗakinta, an san ranar da take kwasar adashi. Kuɗinta ya san mota, bakinta ne bai sani ba? Haba maigida!

Yanzu bari in kawo hujjar da ta fi kowace nauyi, don ban son a ce na ɓoye ta. Mutumin 'Yargoje ko Sabuwa ko Faskari zai ce mini, Hajiya, kina magana kamar ba a ƙasar nan kike ba. Mu da muke bin hanya rai a hannun Allah, ba ma buƙatar motar da za ta iya tserewa? Wannan magana ba ta wasa ba ce. Ba mu manta daren 11 ga Disambar 2020 ba, da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. Ba mu manta watan Yunin 2024 ba, da aka shiga 'Yargoje aka kashe mutane masu yawa, aka tafi da mata da yara. A 2021 ma gwamnatin Aminu Bello Masari ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, sai motocin gida kawai, aka kuma katse layukan waya a ƙananan hukumominmu na wani lokaci. A irin wannan zama, motar gida ta zama rabin rai. Wanda ya ce yana son mota mai ƙarfi saboda tsoro, ban ga wanda zai zage shi ba.

Sai dai mu tambayi kanmu tsakani da Allah, wane irin ƙarfi ne ke ceto a wannan hanya? Mutanen nan tare hanya suke yi, a kwana ko a inda titi ya lalace, inda dole ka rage gudu ko injinka na jirgin sama ne. Abin da direba ke buƙata a nan shi ne birkin da zai tsaya tun daga nesa, giyar baya da za ta shiga ba gardama, injin da ba zai mutu ba lokacin da ake juyawa. Kuma abin da kowace mace ta fi tsoro a tafiya shi ne mota ta tsaya cik a tsakiyar daji la'asar sakaliya, lagireto na tafasa, yara na kuka, ba gida gaba ba gida baya. Injin da aka matsa masa ya wuce haddinsa, yana shan man jarka, da tsohon lagireto, shi ya fi kusa da yin haka. Wanda aka mayar daidai yadda aka ƙera shi, kowane makanike na bakin hanya ya san shi, kayansa kuma ana samu a Funtuwa ko Malumfashi. Saboda haka tsoron nan da aka kawo hujja da shi, in aka bi shi a hankali, wajen gyara na tsakani da Allah yake nunawa.

Ban ce duk ƙari haramun ba ne. In mutum zai sa babban lagireto, ko fitila mai haske, ko sabuwar taya, ko ma babban inji saboda lodin buhunan masara, matuƙar ya gyara birki da ƙafafun motar su yi daidai da shi, ya kuma zauna da mutanen gidansa sun san me ake ciki, to madalla. Abin da zai raba maka gardama shi ne ka tambayi kanka wa zai amfana. In amsar ita ce na kujerar baya, ci gaba. In kuwa amsar ita ce 'yan majalisa su juyo su kalle ka, to da kuɗin marayun gobe kake sayen tafi.

Akwai kuma wani abu da ake mantawa. Injin da aka yi wa aiki jariri ne, sai an yi renonsa. Makanikan kirki za su gaya maka kada ka matsa masa, kada ka yi masa lodi mai nauyi har sai ya yi kamar kilomita dubu, sannan ka juye baƙin man farko ka sa sabo, domin sabon ringi ya zauna a raminsa. To a gidan da aka yi sati uku ana zancen yadda motar za ta riƙa tashi sama, wa zai iya wannan haƙuri? Shi maigida wataƙila ya daure. Amma akwai saurayi a gidan, ɗan shekara goma sha tara, wanda ya ji duk hirar da aka yi a gareji, ya ji an ce ko Golf ba ta kamo ta, kuma ya san ƙusar da ake rataye makulli. Ranar da aka aike shi Ƙanƙara ɗauko ƙannensa daga makaranta, uban na gida yana barcin rana, shi ne zai gwada ko gaskiya aka faɗa.